Kafin a ce mota ta ƙwace

Mu da Allah ya ajiye abincinmu a gaban makirufo, akwai wata irin takarda da ba mu son a miƙo mana a filin sanarwa. Gajera ce, sau da yawa daga kayen ɗan lakwal aka yago ta, aka rubuta da gaggawa: iyalan wane suna sanar da ƴan uwa na kusa da na nesa rasuwar wance, wadda Allah ya yi wa cikawa a hanyarta ta komowa daga kasuwa. In muka rufe makirufo muka tambayi wanda ya kawo takardar yadda abin ya auku, amsar da muka fi ji ita ce, mota ce ta ƙwace. Ba a yi karo da kowa ba, jaki bai gitta ba, taya bai fashe ba. Ana cikin tafiya, direba na riƙe da sitiyari hannu bibbiyu, sai mota ta bar hanya ta nufi daji da mutane da kayansu.

Mun ji wannan kalma har ta fara ba mu kunya. Muna faɗarta kamar mota wani ingarman doki ce da ya ga dama ya yi tawaye. To ko dokin ne, ai sai linzami ya tsinke yake ƙwacewa, linzami kuwa ba ya tsinkewa sai ya jima yana cinyewa a gaban idon mai shi. Ajali in ya zo babu mai tare shi, wannan kowa ya yarda. Zancenmu na yau a kan linzamin ne.

Duk sa'ad da muka buɗe layin tarho a kan haɗarin hanya, sai an samu mai cewa hukuma ta hana tsofaffin motoci yawo kwata-kwata a huta. Mu ba mu tare da wannan ra'ayi, kuma muna kyautata zaton mai faɗarsa bai taɓa tashi da asuba da kwandon tumatir yana neman abin da zai kai shi kasuwa ba. Manyan bas-bas masu sanyi irin na Rimbo da takwarorinsa suna bin kwalta, daga Yamai su ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, kuma sun rage mana wahala ƙwarai da gaske. Amma wace bas ce za ta sauka daga kwalta ta kutsa rairayi don ta ɗauko buhun aya goma da awaki huɗu a wani ƙauye na bayan Mayahi ko Dakwaro? Wannan aiki na tsohuwar bashe ne, da tsohuwar Land Rover, da Hilux da Hiace waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a Turai kafin su sauka Kwatano. Ranar da aka tsayar da su, rabin kasuwannin ƙauye sun mutu, kuma farashin gero a birni shi zai fara ba da labari.

Su ma motocin ba abin rainawa ba ne. Peugeot 404 ta fito a 1960, kuma bashenta an ci gaba da haɗa ta a Kenya har 1991. Ƙanwarta 504, wato sen-san-kat, ta fito a 1968. A 1975 ta cinye tseren Safari na gabashin Afirka, a shekarar ne kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, inda aka yi kusan shekara 30 ana haɗa ta, abin da ya sa kayan gyaranta suka wadata a duk ƙasar Hausa. Yau sun ragu a kan kwalta, motocin Japan sun karɓe layi a tasha, amma wanda ke shiga daji ya san da sauransu. A Faransa, motar da ta cika shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a matsayin motar tarihi. Mai ita ya lulluɓe ta, ran Lahadi ya fito da ita ya sha iska ya maida. Tamu sa'ar waccan ce, amma ita kullum buhu take ɗauka. In tasu na bukatar a duba mata ƙarƙashi, ina ga tamu?

Bari mu bayyana abin da ke ƙarƙashin nan, don da yawanmu mun shekara 20 muna shiga mota ba mu taɓa sunkuyawa mun leƙa ba. Sitiyari, ko bolan kamar yadda direbobinmu suke cewa, yana bisa wata sanda da ta gangara ƙasa. A 404 da 504 akwai wani faifan roba mai kauri a tsakiyar sandar, wanda ke shanye girgiza. Ƙarshen sandar yana da haƙora, suna cizon wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a gicciye tsakanin tayoyin gaba. Shi ne makanikai suke kira kiramayer. In direba ya murɗa, ƙarfen ya zame hagu ko dama. Daga kowane gefensa sanda ta fita zuwa taya, kuma a bakin kowace sanda akwai wata ƴar gaɓa da ake kira rotil. Ku ɗauke ta kamar kan taɓarya a cikin turmi: dunƙulen ƙarfe ne wanda bai wuce girman goro ba, yana juyawa cikin ƙoƙonsa, an cika shi da giris, an rufe da ƴar hular roba. Duk abin da hannun direba ya umarta, ta wannan goron yake bi kafin ya isa taya. Mutum 15 da buhu 20 da mota kanta, a kan goro biyu suke tafiya.

Abin da ke kashe shi kuwa ƙasarmu ce. Zafin bazara yana busar da hular robar har ta tsattsage, ƙaya da tsakuwa su ƙarasa ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙurar hunturu da yashi su shige, su cakuɗe da giris, su zama kamar tokar da mata ke goge tukunya da ita. Daga nan duk murɗawa guga ce, duk rami duka ne. Damina ta zo, a ratsa gebe, ruwa ya shiga ya wanke sauran giris ya bar tsatsa. Goron yana ƙanƙancewa, turmin yana faɗaɗa, har wata rana a faɗa wani rami ya fice fit. Da ya fice, tayan wannan gefe ya zama ba shi da ubangida, sai ya karkace inda ya ga dama, ya ja motar da shi.

Kowa na tsoron tsinkewar birki, kuma da gaskiyarsa. Amma direban da birki ya tsinke masa yana da sauran dabara: ya rage giya, ya ja birkin hannu, ya nemi rairayin gefen hanya ya kifa kan motar ciki. Wanda rotil ya fice masa ba shi da ko ɗaya, don sitiyarin da ke hannunsa ya daina magana da taya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Kafin ya gane abin da ya faru, kafin a gama salati, an riga an bar hanya.

Wata Lahadi mun bi wata bashe da rakodarmu za mu ɗauko shiri a wata kasuwar ƙauye. Direban ya gane muryarmu, ya girmama mu ya ba mu gaba, kusa da wata Hajiya mai sayar da atamfa. Da muka hau miƙaƙƙiyar hanya sai muka lura hannunsa ba ya hutawa, yana kai sitiyari hagu yana maido shi dama kusan taƙi guda, kamar mai tankaɗe, alhali motar miƙe take tafiya. Muka ce, Malam direba, lafiya kuwa? Ya yi dariya ya ce kowace mota da halinta, shi ya san halin tasa. Da muka matsa sai ya rage murya ya ce ya faɗa wa maigida tun mako uku da suka wuce, maigida ya ce a bari sai kaka. Hajiya ta juyo ta ce mana, ɗana, bar shi ya yi tuƙinsa, kai kuma direba taka ta, kada mu tarar kasuwa ta ci rabi. Muka ja bakinmu muka yi shiru. Mun je lafiya mun komo lafiya, a cikin motar nan dai, don babu wata. Har yau in muka tuna shirun nan ba mu jin daɗin kanmu, mu da muke cika wa mutane kunne da nasiha safe da yamma.

Taƙin nan da sitiyari ke yawo kafin taya ya amsa, shi ake kira wasa. A mota mai kiramayer, wasan da ya wuce faɗin yatsa guda a bakin sitiyari ya isa a je gareji. Land Rover da tsofaffin Land Cruiser da Hilux wani tsari gare su, akwatin ƙarfe ne a maimakon kiramayer, da gaɓoɓi masu yawa, saboda haka nasu wasan ya ɗan fi, amma shi ma yatsu biyu zuwa uku ne. Direban da ya ce ya san halin motarsa, abin da ya sani shi ne yadda zai riƙa tarar ta kafin ta kauce. Wannan gwaninta ce, mun yarda, sai dai ba ta hana goro ficewa daga turmi.

To in an je garejin, me ake yi? Nan ne maganar take da nauyi. Makanikanmu mutane ne masu basira, kuma ba don su ba da yanzu babu 404 ko guda da ke motsi a ƙasar nan. Mun ga wanda ya ƙera wa mota ƙofa daga tsohuwar tano, mun ga wanda ya toshe lagireto da sabulu mota ta kai gida. Irin wannan dabara a ƙofa ko kujera ko salansa ba ta da laifi, don in ta ƙi, iyakaci mota ta tsaya a bakin hanya a kwana da sauro. Amma an ɗauki dabarar nan an kai ta inda ba ta da wuri. Rotil ya yi wasa, sai a ɗora shi bisa maƙera a daddake ƙoƙon da guduma har ya matse. Ko a buɗe shi a cusa guntun roba ko gwangwanin sardin a rufe da walda. Hular roba ta yage, a naɗe wurin da tsohon tib ko leda. Sanda ta lanƙwashe a rami, a gasa ta da wuta a miƙe. Ƴar ƙusar da ke hana noti kwancewa ta ɓace, a zura waya ko ƙusar kafinta. In motar mai akwati ce, a ɗaure sukurun da ke bisa akwatin tamau har wasan ya ɓace.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana ɓoye alamar ne ta bar cutar. Ƙoƙon da aka daddaka yana matsewa a baki, cikinsa na nan a cinye, bayan ƴan kwanaki wasan ya komo, bakin kuma ya riga ya yi rauni. Ƙarfen sitiyari an gasa shi an kashe shi da awo tun daga masana'anta. In wutar walda ta sake taɓa shi, ƙarfinsa ya canza, kuma ba ya gargaɗi kafin ya karye. Akwatin da aka ɗaure tamau kuwa, a tsakiya ya cinye, don a miƙe mota ta fi tafiya. In aka matse shi har tsakiyar ta daina wasa, sai ya riƙa cijewa a gefe, a sha kwana sitiyari ya ƙi komowa da kansa. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne direban yana fita gareji da farin ciki, ya ji sitiyari ya yi tauri kamar sabo, sai ya ƙara wuta a hanya. Gara ma lokacin da yake jin wasan, yana tafiya da tsoro.

Kada a ce mun ɗora wa bakanike laifi duka. Shi abin da aka biya yake yi. In ya ce a sayo sabo aka ce masa babu hali, a dai lallaɓa, to ya lallaɓa ko a kai wa na kusa da shi. Kuma rashin halin yana da tarihi. Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, duk wani ƙarfe da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Waɗanda suka girme mu a harkar mota sun ce tun daga lokacin lallaɓawa ta zama ɗabi'a. Kayan Kano da Kaduna da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Illela da Ƙonni, su suka riƙe mu. Sai Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sai takunkumin 2023 ya zo, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina. Ku ƴan kasuwa kun fi mu sanin abin da kowane ɗaya ya yi wa farashi. Mai ba a iya ɗage sayensa, taya in ya fashe dole a nemo wani, kuɗin maigida na kullum ba a taɓa shi. Abin da ake iya cewa a bari sai kaka shi ne wanda ke ɓoye a ƙarƙashi, ba ya hana mota tashi.

Kayan gyaran kansu iri uku ne a kasuwa, kuma masu sayar da su suna cikin masu karanta wannan shafi. Akwai sabo na ainihi, akwai na ciro da aka kwance daga wata mota, irin wanda ake samu a Katako ta Yamai ko Ƙofar Ruwa ta Kano, akwai kuma sabo na jabu, mai kyan kwali, wanda robarsa ke tsagewa kafin wata ya ƙare. Na ciro ba haramun ba ne in an san abin da aka saya. A riƙe shi a hannu a motsa wuyansa: in yana motsi da ƙyar, sumul, ba ya kaɗawa, robarsa kuma lafiya lau, zai yi aiki. In yana lilo da kansa kamar wuyan kazar da aka yanka, ya gama rayuwarsa a wata ƙasa. Na jabun ne ya fi zama abin tsoro, don mai saye ya biya da niyyar gyara na gaskiya. Alhaji mai shagon kayan mota, kai ka san wanne ne wanne tun daga inda ka saro. Ba mu ce kada ka ajiye mai araha ba, amma ka faɗa wa mai saye gaskiya, ka ce wannan na kwana kaɗan ne. Wanda ya sayar da shadda ta jabu ya cuci aljihun mutum ɗaya. Rotil ɗin da ka miƙa a kan na ainihi, wataƙila matarka ce za ta shiga motar ranar Juma'a.

Gyaran gaskiya ba shi da wani sirri, kuma bai fi ƙarfin garejin unguwa ba. A ɗaga gaban mota da jak a tokare. A kama taya ta gefe da gefe a girgiza: in ya yi ƙwas-ƙwas, laifin yana wajen rotil ko sandarsa ko kiramayer. A kama shi ta sama da ƙasa a girgiza: in ya amsa, to rulma ce ko gaɓar da ke riƙe ƙafar motar. Mutum guda ya riƙa kaɗa sitiyari, wani ya kwanta a ƙasa ya ɗora hannu bisa kowace gaɓa, zai ji wadda ke tsalle. Wadda ta mutu a cire ta a sa wata, kuma ya fi kyau a canza hagu da dama tare, tunda rana ɗaya suka fara aiki, hanya ɗaya suka bi. A duba faifan robar nan na sandar sitiyari, in ya tsattsage ko mai ya jiƙa shi ya yi laushi, a canza. Robobin da suka rufe bakin kiramayer, masu kama da zugazugin maƙeri, in sun yage a sa sababbi, a wanke yashin a sa giris mai tsabta. Su ne mafi araha a duk kayan, kuma su ne ke tsare masu tsadar. Noti ya samu ƙusarsa ta ainihi, in kuwa mai roba a ciki ne a sa sabo. Daga ƙarshe a daidaita tayoyin gaba su kalli hanya ɗaya. Da yawa suna tsallake wannan don an gaji ko kuɗi sun ƙare, sai sabon taya ya cinye ta gefe guda cikin ƴan makonni, a yi asarar da ta fi kuɗin gyaran.

Yanzu bari mu taɓo namu kason, don ba mu rubuto wannan don mu zagi direbobi mu koma gefe ba. Bashen 404 an yi ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan guda ba. Mu ne muke tsayawa a kan ɗan kamasho sai an ƙara buhu biyar, sai an ɗaure tumaki a bisa, sai yara sun zauna a kan buhunan. Sen-san-kat mai layi uku ta mutum 7 ko 8 ce, mu ne muke matsawa a cusa na 11 don kada a bar mu. In kaya ya yi yawa a baya, gaban mota yana ɗagawa, tayoyin da ke tuƙi su rage kama ƙasa. In an tula a sama, duk kwana sai ta yi rangaji, duk rami kuma dukansa ya ninka a kan gaɓoɓin nan. Mu ne muke yin ciniki a kan dala 20 na kuɗin mota har rana ta take, sa'an nan mu ce direba ya taka don mu rama lokacin. Kuma in aka bi diddigi, maigidan da ya ce a bari sai kaka, sau da yawa ɗan kasuwa ne ɗan uwanmu, ko Hajiyar da ta tara kuɗin adashi ta sayi mota don ta riƙa kawo mata na cefane.

Ga mai mota muna cewa, yi lissafin da ka saba yi a shago. Rotil biyu da robobinsu da ladan bakanike ba su kai kuɗin buhun wake biyu ba, a wata motar ko guda ba su kai ba. Motar da ta wuntsila kuwa ta tafi ke nan, ko ta yi wata shida a gareji, ban da zuwa jandarmeri, ban da asibiti, ban da idon mutanen gari da za ka riƙa haɗuwa da su a masallaci. Ke kuma uwarmu mai tumatir, ke da ke cin kasuwa uku a mako, abin da ke cikin motar nan shi ne jarinki duka, wani ma bashi ne. A iya shekarunmu a wannan aiki ba mu taɓa jin an biya wata mai kwando kwandunanta bayan haɗari ba. Wadda ta tsira da karaya, wata uku tana kwance, wa zai ci mata kasuwa?

Za a ce, to mace mai talla me ta sani a mota da za ta tsaya tana tambayar direba? Mu kuwa muna ganin wadda ke iya ciza ƙwayar wake ta gane na bana da na bara, ta shafa atamfa ta faɗi inda aka buga ta, duba taya ba zai gagare ta ba. Kafin ki hau, kalli tayoyin gaba: in gefe guda ya cinye ya yi sulɓi ɗayan gefen na da zane, akwai magana a ƙasa. In kin zauna, kalli hannun direba a miƙaƙƙiyar hanya. Saurari ƙarƙashin ƙafarki in an hau gargada, ko akwai ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa. In sitiyari yana karkarwa a hannunsa da an ɗan yi gudu, shi ma alama ce. Ba lalle ki yi faɗa da kowa ba. Ki ce, ɗana, motar nan taka tana son ganin bakanike, ki faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji. Mun san wani lokaci babu wata motar, kamar yadda ya same mu ran Lahadin nan. Ko a haka, direban da ya san fasinja sun gane ba zai yi gudun da ya yi niyya ba, kuma ya samu abin da zai kai wa maigida: mutane sun fara magana.

Murya ɗaya ba ta da nauyi a tasha, amma mata ba ɗaya-ɗaya suke tafiya ba. Tun 1991 da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, matan ƙasar nan sun nuna sun iya haɗa kai a kan kuɗi, da asusu da tara da ranar zama. Galibi mata goma ko ashirin na unguwa guda mota ɗaya suke shiga kowane mako, direba ɗaya, shekara da shekaru. Su ne cinikinsa. In suka haɗa baki suka ce mako mai zuwa ba mu shiga sai ka nuna mana tsohon ƙarfen da aka cire, za a gyara kafin makon ya zagayo. In ma ta kama su ƙara dala biyar-biyar a kan kuɗin mota na wata guda don a yi gyaran, ba su faɗi ba. Shi ma mai mota wannan ce hanyarsa: in ka ba da kuɗin rotil, ka ce a kawo maka tsohon a hannu da kwalin sabon, don ba kowane kuɗin gyara ne ke isa gareji ba.

Sauran magana tana wajen shugabannin sandikar direbobi. Takardar bizit tana da amfaninta, amma daga wannan dubawa zuwa waccan watanni ne, hanyar daji kuwa kullum take cin ƙarfe. Ku ne kuke da littafin layi, ku ne kuke cewa wane ya yi lodi wane ya jira. A kowace tasha akwai tsohon direban da ya ajiye tuƙi, yana zaune a inuwa yana shan shayi, wanda in ya ɗora hannu a taya ya san abin da ke ciki. A ba shi wannan aiki da ɗan abin goro daga kuɗin layi. Sau ɗaya a mako, kafin mota ta shiga layi, yaron mota ya kaɗa sitiyari, tsoho ya duba, minti biyar ya isa. Wadda ta faɗi ta rasa layinta har ta gyara, ko ta waye. Kuma a zaɓi ranar da hankali, tunda ba a fafe gora ranar tafiya: Maraɗi da ke cin kasuwa Litinin da Juma'a tana da Talata da Laraba, Damagaram mai Alhamis tana da farkon mako, Tawa mai Lahadi tana da tsakiyarsa.

Duk tashar da ta fara wannan, shugabanta ya aiko mana da takarda, ko da daga kayen ɗan lakwal aka yago ta. Za mu karanta ta a filin sanarwa, da sunan tashar da ranar da ake dubawa, don matan da ke neman mota su san inda za su nufa.